Yadda ake zaɓen harsashin harbin faifan yumɓu, wanda ba na farauta ba

Da hutun nan ƙanena ɗan gidan Kawu da ke karatu a waje ya zo gaishe ni nan Unguwar Rimi a Kaduna, muna cikin shan shayi sai ya ja wuyan rigarsa ya ce Yaya duba nan. Kafaɗarsa ta dama ta yi wani irin shuɗi-shuɗi kamar an maka masa taɓarya, kuma wai kwana tara kenan da abin. Na ce me ya same ka, ya ce abokinsa ne ya kai shi gonarsu suka yi harbin faifai, ya harba 25 ya fasa 6. Na ce nuna min kwalin harsashin, ya buɗe waya ya nuna min hoto, nauyin ƙwaya giram 34, girmanta lamba 4. Wallahi sai da na ajiye kofi na yi dariya. Na ce wa ya aike ka? Ya ce ai Kawu kullum cewa yake harsashi mai ƙarfi shi ne harsashi. To gaskiyar Kawu ne, amma Kawu gada da zabo yake bi a daji, kai kuma wani ɗan faifai kake bi wanda in ya faɗo daga hannunka kan siminti ma fashewa zai yi.

Ga wanda bai san wasan ba, inji ne ke cilla faifai sama kai kuma ka harbe shi da bindigar nan mai watsa ƙwaya, irin mai baki biyu. Turawa suna ce masa tantabarar yumɓu saboda da can tantabaru masu rai ake saki, har a gasar Olamfik ta Faris a 1900 an harbi masu rai, Ingila ta hana a 1921. Faifan ma yanzu ba yumɓu ba ne zalla, garin farar ƙasa ne da wani abu mai kama da kwalta ake haɗawa. Faɗinsa milimita 110, nauyinsa wajen giram 105, kaurinsa daga gefe bai fi milimita 25 zuwa 26 ba. Ka riƙe wannan lissafin dan duk maganar da za mu yi a kansa take. Ni na koyi abin ne shekarun da na zauna Bamingam ta Ingila, kuma kuskuren da yaron nan ya yi nima na yi irinsa.

Kafin komai, doka. A Najeriya harsashi ba kayan da ake saye a bayan fage ba ne, dokar makamai ta 1959 ta ɗora lasisin bindigar farauta a hannun Sufeto Janar na ƴansanda, kuma wanda ba shi da lasisin bindigar ba shi da hurumin riƙe harsashinta ko ƙwaya ɗaya. Wajen dila mai rajista ake saye, da takarda. Bindiga mai famfo, wadda ake jan katakon gabanta a loda, da mai loda kanta ma ba sa cikin wannan rukunin lasisin. Ka je hedikwata ka tambayi halin da ake ciki kan lasisi kafin ka sa kuɗinka a komai, dan akan dakatar da bayarwa wani lokacin. Kuma kai da ke harbi a waje, dan Allah ka zazzage aljihun jakarka da na rigarka kafin ka nufi filin jirgi, ko kwanso ɗaya aka gani a kayanka ka shiga bayanin da ba ka shirya ba, balle a shingen hanyar Abuja ko tashar Rigasa. A garin nan da halin da muke ciki, ko da lasisinka ba ka tashi kawai ka fara sakin wuta a gona, sai DPO na yankin da mai unguwa sun san da zaman ku, in ba haka ba ƙauye guda za ka tayar.

To mataki na farko, ka bar kanti tukuna, bindigar za ka fara karantawa. Ka karya ta, ka tabbatar babu komai a ciki, ka cire katakon gaba ka ɗaga bututun ka juya shi. A ƙasa wajen da yake zama kan jikin bindigar akwai ƴan tambura da lambobi da aka buga. Abu biyu kake nema, geji da tsawon ɗaki, wato gurbin da harsashi ke zama a gindin bututu. Geji shi ne faɗin bakin, akwai 12, 16, 20, 28 sai ƙaramar da ake ce wa .410. Abin da ke rikita mutane shi ne lamba na hawa baki na ƙanƙancewa, dalili kuwa tsohon awo ne, in aka raba laba ɗaya ta dalma gida 12 aka mulmula, kowane ƙwallo zai cika bakin geji 12 daidai, in gida 20 aka raba kaga ƙwallon zai fi ƙanƙanta. Geji 12 faɗinsa wajen milimita 18.5 ne, 20 kuma wajen 15.6. Yawancin masu harbin faifai 12 suke riƙewa, kuma harsashinta ya fi samuwa ya fi sauƙin kuɗi.

Tsawon ɗaki shi ne inda ake yin ganganci. Za ka ga 65, ko 70, ko 76, wasu a inci suke rubutawa 2½, 2¾, 3. In an rubuta 12/70 ma'ana geji 12, ɗaki milimita 70. Ga inda tarkon yake, tsawon da aka rubuta a kwali na kwanson ne bayan an harba bakinsa ya buɗe, ba yadda yake a naɗe ba. Ka ɗauki sabon harsashin 70 ka ɗora a rula za ka ga wajen 60 ne ko ƙasa kaɗan, dan haka zai shige ɗakin 65 lafiya lau bindiga ta rufe ƙas kamar ba komai, sai ka ja kunama bakin kwanson ya rasa inda zai buɗe sai cikin maƙogwaron bututu, matsi ya hau. Gajere a dogon ɗaki ba laifi, dogo a gajeren ɗaki haramun ne. Tsoffin bindigogin Ingila da aka gada wajen kakanni, irin waɗanda suka yi aikin En'e ko reluwe, da yawansu 65 ne, kar ka ce ai Baba ya yi shekara talatin yana zuba mata kowane iri. In tambarin ya goge ba ka gani, kai ta wajen wanda ya san aikin ya auna.

Ƙari a kan wannan, kar ka taɓa haɗa geji 20 da geji 12 a aljihu ɗaya. Na 20 in ya shiga bindigar 12 zamewa yake ya wuce ciki ya maƙale, ka duba ka ga ɗaki fayau ka zata ba ka loda ba, ka ƙara na 12 a bayansa, bututu ya tarwatse daidai inda hannunka na hagu yake. Shi ya sa kamfanoni da yawa ke yin na 20 ruwan ɗorawa, amma kar ka dogara da kala, ka karanta gindin.

Mataki na biyu, wane wasa za ka yi kuma a ƙarƙashin dokar wa. Akwai tarap, inda faifan ke tashi daga gabanka yana gudu yana nisa, a na Olamfik kana tsaye mita 15 bayan ramin injina kuma kafin ka harba ya kai mita 30 ko fiye. Akwai sikit, ɗakunan inji biyu ɗaya sama ɗaya ƙasa, faifai na giftawa kusa, wajen mita 20. Sai sifotin, wanda ke kwaikwayon farauta, wani ya zo ta kanka, wani ya gifta nesa, wani ya gangara a ƙasa kamar zomo. Hukumar ISSF mai kula da na Olamfik ba ta yarda a wuce giram 24 ba, ƙwaya kuma kar ta wuce milimita 2.6. FITASC, hukumar duniya mai kula da sifotin, da ƙungiyar masu harbin faifai ta Ingila giram 28 ne iyaka. Amurkawa su suna kaiwa 32 a tarap ɗinsu. Kowane fili kuma yana da nasa sharaɗin a kan allo, ka tambaya kafin ka saya, kar ka ɗauko katan guda a ce maka a ƙofa ba a shiga da shi.

Na uku nauyin ƙwaya, wato giram ɗin da ke jikin kwali, 21, 24, 28. Nan ne nake faɗa da mutanenmu kullum. Kowa na son mai nauyi wai ya fi cika ido. Eh, na 28 ya fi yawan ƙwaya, amma duk abin da ya fita ta gaba da nauyi da gudu sai kafaɗarka ta biya kuɗinsa ta baya. Mafarauci zai wuni a daji ya harba uku ko huɗu, kai kuma zagaye ɗaya 25 ne, a yini ka iya yin 100. Daga harbi na talatin jikinka zai fara tsoron bindigar ba tare da ka sani ba, ka riƙa runtse ido, ka ɗaga kunci daga katako, ka fizgi kunama, shikenan faifai ya wuce yana maka dariya. Wanda ya kamu da wannan ciwon yana daɗewa bai rabu da shi ba. Tsoffin maƙeran Ingila suna da wani lissafi, wai bindiga ta ninka nauyin ƙwayarta sau 96, kaga giram 28 na son bindigar da ta kai kilo 2.7 aƙalla, kuma wannan na farauta ne ma, bindigogin gasa sukan kai kilo uku da rabi zuwa huɗu dan su shanye shurin.

Ni shawarata, sabon shiga, mace, yaro matashi, ko dattijo mai ciwon kafaɗa, ya fara da 21. Wanda hannunsa ya faɗa ya zauna a 24. Na 28 ka ajiye shi sai faifai mai nisa a sifotin, ko ranar gasa in doka ta yarda kuma kafaɗarka ba ta ƙorafi. In kana ganin 24 wasan yara ne ka tuna da shi zakarun duniya ke fasa 120 da wani abu cikin 125. Abu ɗaya dai, in a waje kake kuma mai loda kanta aka ba ka haya, wasunsu ba sa iya tofar da kwanson 21 dan ƙarfin bai isa ya tura ƙarfen baya ba, sai ka hau 24 ko 28.

Na huɗu girman ƙwaya, kuma nan zan ɗan daɗe dan shi ne zuciyar maganar. Nan ma lamba na hawa ƙwaya na ƙanƙancewa. A awon Ingila, cikin giram 28, lamba 6 ƙwaya wajen 270 ce, lamba 7 wajen 340, 7½ wajen 400, lamba 8 wajen 450, lamba 9 kuma wajen 580. Yanzu kwatanta da wanda mafarautanmu suka sani, BB wajen 70 ne kacal a wannan nauyin, AAA kuma wajen 35. Ka ɗauka an ba ka mudun gero da mudun gurjiya aka ce ka watsa ka samu murfin kofi da ke shawagi, wanne za ka ɗauka? Faifai ba ya buƙatar duka mai ƙarfi, ƙwaya uku ko huɗu masu kyau sun isa su fasa shi, abin da yake buƙata shi ne kar a bar masa ƙofar da zai bi ya fice. Manyan ƙwayoyi ƙofofi suke bari, kuma suna tafiya nesa fiye da filin da aka keɓe. Da ƙananan ma ana barin wajen mita 275 a gaba babu mutum babu dabba babu hanya, to ina ga BB.

Amma kuma ƙarama tana da nata aibin, iska na cinye gudunta da wuri. Lamba 9 a mita 20 tana mayar da faifai hayaƙi, a mita 40 kuwa sai ka ga ƙura ta ɗan tashi a jikinsa ya ci gaba da tafiyarsa, ka je ka tsinto shi ka ga ƴan huji biyu bai fashe ba. Na sha tsintar irin waɗannan a ciyawa, abin haushi. Dan haka ga yadda nake rabawa, sikit da duk abin da ke kusa lamba 9, matsakaicin nisa lamba 8, tarap da mai nisa 7½. Faifan zomo mai gangarawa a ƙasa gefensa kauri ne da shi dan kar ya fashe da kansa, 7½ nake ba shi ko yana kusa. Akwai ƙananan faifai ma, na milimita 90 da na 60, su yawan ƙwaya suke so, 8 ko 9. Wanda kuma ke shawagi ka ga cikinsa a buɗe kamar kwano ya fi saurin fashewa a kan wanda ya ba ka gefe kawai. In kuma ba ka son ɗaukar kwali uku kana ruɗa kanka, sayi 7½ ko 8 ka yi komai da shi, babu wanda zai ce ka yi laifi, ni kaina rabin shekara da 8 kaɗai nake yi.

Sai ka kula, lambar nan ba ɗaya take a ko'ina ba. 7½ na Ingila milimita 2.3 ne, 7½ na Italiya da na Amurka wajen 2.4, wato daidai da lamba 7 ta Ingila. Kenan kwalin Fiocchi ko RC da kwalin Eley ko Gamebore ko Hull za su iya ɗaukar lamba ɗaya amma abin da ke ciki ya bambanta. Mafita ita ce ka nemi milimita a jikin kwalin, 2.0, 2.2, 2.3, 2.4, ita ba ta ƙarya.

Na biyar matoshi. Wanda ya taɓa ganin ana ɗura harba-ka-ruga ya san bayan albarushi ana cusa tsumma kafin a zuba ƙwaya, to a harsashin zamani ma akwai mai wannan aikin, ko dai na roba mai kamar ɗan kofi da ke rungume ƙwayar, ko na zare da aka matse kamar toshiyar kwalba. Na roba yakan ɗan fi tara ƙwaya wuri ɗaya kuma yakan fi araha, shi ake yawan gasa da shi. Amma yana faɗuwa mita 20 zuwa 40 a gabanka ya zauna nan shekara da shekaru. In gona ce ko inda shanu ke kiwo, kamar yawancin filayenmu ta hanyar Kaciya ko ta Zariya inda bayan girbi Fulani ke sako dabbobi, ka sayi na zare, mun ga abin da leda ke yi wa cikin saniya ba sai mun ƙara mata da roba ba. Bambancin fasa faifai tsakaninsu a nisan da sabon shiga ke harbi, gaskiya ba za ka gane ba.

Dalma ko ƙarfe? In filin ya yarda da dalma, ita ce mai sauƙin sha'ani. Ana ɗan haɗa ta da wani ma'adini antimoni, daga kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari, dan ta yi tauri, mai tauri ba ta lanƙwashewa lokacin fita saboda haka tana tafiya a miƙe, wannan shi ne babban abin da kake biya a harsashin gasa mai tsada. A mita 25 ba ka buƙatarsa. Ƙasashen Turai kuma suna ta matsa wa dalma lamba saboda gubarta, wasu filayen ƙarfe kawai suke karɓa. Ƙarfe ya fi dalma rashin nauyi, dan haka ana hawa girma kamar lamba biyu dan a samu duka iri ɗaya, kuma ba ya lotsewa, shi ya sa ba a tura shi ta matsattsen baki ko tsohuwar bindiga mai siririn bututu. Mai ƙarfin cikinsu sai bindigar da ke da tambarin fure mai kunne uku a ƙasan bututu, kuma kar cok, wato matsewar bakin bututu, ya wuce rabi. Yana kuma dawowa in ya daki dutse ko busasshiyar ƙasa, irin tamu ta rani kuwa kamar kankare take, kar ka harbi faifan zomo da shi a irin wannan wuri.

Gudu kuma, wannan lambar da ake rubutawa da manyan baƙi, 1250, 1400, 1450 ƙafa a daƙiƙa, ko wajen mita 400 a na Turai. Talla ce rabinta. Wani kamfanin a bakin bindiga yake aunawa wani kuma bayan ƙwaya ta ɗan yi gaba, kaga ba a ma iya kwatanta su kai tsaye. Kuma mai saurin fita shi iska ta fi taka wa birki, kafin mita 30 tazarar ta ragu sosai, abin da zai canza a gaban da kake ba faifai bai wuce taƙi ɗaya ba alhali faɗin watsuwar ƙwayarka ya kusa kamu biyu. Shurin kuwa duka za ka sha shi. Ɗauki matsakaici.

Yanzu da ka ɗauki kwali a kanti ga yadda za ka bi shi da ido cikin daƙiƙa goma. Geji ya yi daidai da bindigata? Tsawo bai wuce ɗakina ba? Giram nawa? Lamba nawa kuma milimita nawa? Roba ko zare? Dalma ko ƙarfe? Kwali ɗaya 25 ne, katan kwali goma wato 250. Kar ka fara da katan. Sayi kwali bibbiyu na iri biyu ko uku, dan mataki na gaba shi ne wanda kowa ke tsallakewa kuma shi ya fi duka amfani.

Gwaji a takarda. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma bindiga biyu ƴan kamfani ɗaya ma ba lallai su watsa harsashi ɗaya iri ɗaya ba. Ka samo babban kwali, irin na firij ko talabijin da masu shagon kayan wuta ke yarwa, ko farar takarda mai faɗin mita ɗaya da ɗan ƙari, ka kafa a jikin katako a inda bayansa tudun ƙasa ne. Ka yi ɗigo a tsakiya da maka. Ka auna nisa da tef, ba da taku ba, mita 20 in sikit ne, 30 zuwa 35 in tarap ne. Ka sa abin toshe kunne da tabarau, ka saita ɗigon ka harba sau ɗaya. Sannan ka je ka duba inda ƙwaya ta fi taruwa, ba inda ɗigonka yake ba, ka ɗaura zare a ƙusa da fensir ka zana da'ira mai faɗin santimita 76 a kewaye da wurin. Ka rubuta a gefe sunan harsashin, nisa, da cok ɗin da ka sa, in ba haka ba zuwa takarda ta biyar ka manta wanne ne wanne.

Cok ɗin nan ba irin na mashin ba ne, matsewar bakin bututu ce daga can ƙarshe. Awon da aka saba shi ne a yadi 40, wajen mita 36 da rabi, buɗaɗɗen baki yana zuba kashi 40 cikin ɗari na ƙwaya a wannan da'irar, kwata 55, rabi 60, cikakke 70. Kenan giram 28 na 7½ mai ƙwaya 400 a cok rabi ya kamata ka ƙirga wajen 240 a ciki. Ƙirgan na da gajiya, ka riƙa soke kowane huji da biro kana tafiya, ni nakan raba da'irar gida huɗu in ba yara su taya ni a gida. Amma ba yawan ne ya fi damuna ba. Ɗauki faifai guda ka riƙa ɗora shi a kan takardar kana zagayawa, duk inda ya zauna bai rufe huji ko biyu ba, wannan ƙofa ce. Ka kuma kwantar da shi ta gefe, dan a tarap gefen yake ba ka, santimita biyu da rabi kacal. Ƙofa ɗaya ko biyu a bakin da'ira ba komai, amma in ka ga uku huɗu a tsakiya to ko ka ƙara matse cok, ko ka sauka zuwa ƙaramar ƙwaya, ko ka canza kamfani. Kuma harbi ɗaya ba hujja ba ne, yi aƙalla biyar da kowane iri, in bindigarka mai baki biyu ce kowane baki da nasa takardun.

A nan ne za ka iya gano wani abin da ba laifin harsashi ba. Ni a gwajina na farko duk tarin ƙwayar ya koma hagu da ƙasa da kusan tafin hannu biyu, iri uku na gwada duk haka, ashe katakon bindigar ne bai dace da fuskata ba, ni kuma wata uku ina zagin kamfanin harsashi. Kada ka yi gwajin ranar da iskar hunturu ke kaɗawa, ka bari da sassafe ko bayan la'asar in ta lafa.

Da ka samu wanda takarda ta yaba kuma kafaɗa ba ta ƙi ba, to yanzu ka sayi katan, kuma ka zauna a kansa. Yau wannan gobe wancan shi ke hana ido da hannu sabawa. Mai araha da za ka iya harba 100 da shi ya fi mai tsada da za ka harba 25 kana lissafin dala a kowace ja.

Ajiya kuma, garinmu na da abokan gaba biyu, zafin Maris da Afrilu, da laimar Agusta. Kar ka bar kwali a but ɗin mota a rana, zafi na ƙara matsin albarushi. Damina kuma gindin nan da ke ƙyalli kamar tagulla yawanci ƙarfe ne aka shafa masa ruwan tagulla, tsatsa yake yi ya riƙa maƙalewa a ɗaki. Ka samu akwatin ƙarfe mai makulli, ka ɗaga shi daga ƙasa, ka jefa ƴan ƙunshin nan masu shan laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi, daban da inda bindiga take, makullin kuma a jikinka ba ƙarƙashin filo ba inda yara suka sani. Duk wanda ka ga ya kumbura, ko bakinsa ya fara buɗewa, ko ya yi tsatsa sosai, ware shi ka mayar wa dila ko mai kula da fili, ba a jefa shi a bola balle a wuta.

A fili in ka ja kunama ka ji ƙas babu ƙara, kar ka karya bindigar nan take, ka bar bakinta na kallon gaba ka ƙirga 30 a hankali sannan ka buɗe fuskarka a gefe. In kuma ƙarar ta fito a raunane kamar an buɗe lemon kwalba, tsaya cak, cire komai ka leƙa bututun ta baya sai ka ga haske tar, dan matoshi na iya tsayawa a tsakiya. In an tashi ka kwashe kwansonka kaf ka ƙirga su daidai da abin da ka zo da shi, ka wanke hannu da sabulu kafin ka sa shi a kwanon tuwo, dalma ce ka wuni kana taɓawa.

Shi ƙanen nawa na karɓi wayarsa na rubuta masa a ciki, 12/70, giram 21, lamba 8, na zare tunda gona ce, kwali huɗu, kuma kar ya taɓa bindiga sai shuɗin nan ya baje. Ya karanta ya ce Yaya 21 fa, abokaina za su ce na ji tsoro. Na ce ka turo min hoton takardar gwajin tukuna, kuma ka ce da abokin naka ya duba ƙasan bututun nan ya gaya maka ko 65 ce ko 70 kafin ka sayi ko ɗaya.